Wa Ya Tambayi Na'urar Funtuwa?

Tun da muka dawo ban huta ba. A ƙofar masallaci a tambaye ni, a teburin mai shayi na bakin tasha a tambaye ni. Ranar kasuwar Danja ma ina tsakiyar cinikin tumatir wani ya dafa ni ya ce, "Malam Habu, wai da gaske ne an kai ku ƙara Amurka?" Wasu sun ce kwamfutar ofishinmu ce ta sata. Mutanen Ƙarfi kuwa cewa suke Alhaji Maiwada lambar girma ya je karɓowa, ni kuma na riƙe masa jaka. Na gaji da maimaitawa, ga shi duk sanda labarin ya dawo kunnena sai in ji ya ƙara tsawo. Saboda haka bari in faɗe shi sau ɗaya yadda ya faru.

Ni tafinta ne a ofishin aikin gona na Funtuwa. Aikina shi ne tsayawa tsakanin Turawan da ke zuwa koya mana noma da manoman da suka gaji noma tun kaka da kakanni. 'Yan shekarun baya aka kawo mana kwamfuta, aka zuba mata sunayen manoma tun daga Tsiga har Malumfashi, da girman gonar kowa, da takin da iri da zai samu. Mu rumbu muke ce mata, tunda zubawa ake yi a riƙa ɗiba. Mai sarrafa ta Bola ce, 'yar wani Bayarabe mai sayar da kayan gyaran mota a bakin kasuwa. A Funtuwa aka haife ta, in tana magana ta bayan labule ba za ka ce ba Bakatsiniya ba ce. Manomi zai zo bakin tagarta ya faɗi abin da yake son sani, ta buga, na'ura ta fito da amsa.

Cikin masu zuwa tagar babu kamar Alhaji Maiwada na Ƙarfi, babban manomin masara da auduga, dattijo mai murya kamar lasifika. Bai yi boko ba, kuma bai taɓa jin ya rasa wani abu ba. Wata rana injiniyan kamfanin da ya sayar mana da na'urar ya zaunar da shi gabanta, ya ɗora masa yatsa kan maɓalli, ya ɗauke shi hoto. Hoton nan suka yi ta talla da shi a ƙasarsu, wai ga manomin Afirka yana tambayar na'urarsu da kansa. Mu ba mu ma sani ba.

Ana saura kaɗan ruwa ya sauka manaja ya kira ni ofishinsa. Na tarar da wani Bature dogo kamar turken wayar lantarki, ashe lauya ne. Bayaninsa shi ne: a ƙasarsu in mutum ya ƙirƙiro wata dabara, hukuma kan ba shi takardar mallaka, ba mai amfani da dabarar sai da izininsa. To wani kamfani daban ya samu irin takardar nan a kan dabarar da za ta sa mutumin da bai yi karatu ba ya tambayi rumbun na'ura kai tsaye. Shi ne ya kai kamfanin da ya sayar mana da na'urar ƙara wai sun sace masa fasaha. Namu kuma suka ce ai tun kafin a ba ku takarda ana yin haka a Funtuwa, ga ma hoto. Kotu ta ce a kawo mai hoton.

"In namu suka faɗi a shari'ar fa?" in ji manaja.

Lauya Dogo ya ce in suka faɗi dole a kashe na'urar duk inda take, har tamu. Manaja ya dube ni na dube shi. Taki na cikin sito, sunayen masu karɓa na cikin rumbu, ga damina a bakin ƙofa. Wanda ya taɓa ganin rabon taki ba tsari ya san sanduna ake ɗagawa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai Bola ya kamata ta je, ita ta san abin."

Lauya ya ce ba ta cikin hoto. Manaja ya ce in ta tafi wa zai yi aikin. Haka aka yanke cewa wanda bai san na'ura ba zai je ya ba da shaida a kanta, wanda ya ɗan santa daga nesa ya yi masa tafinta, wadda ta santa kuma ta zauna gida.

A Kaduna muka nemi biza. Baturen ofishin ya tambayi Alhaji mene ne tabbacin zai dawo in ya je. Da na fassara, Alhaji ya dube shi kamar ya ga mai taɓin hankali.

"Ka ce masa na kai taki gona, shanun huɗa na jirana. In zauna garinku in yi me? Ku ne dai nake tsoron ku riƙe ni."

Aka buga mana hatimi.

Ranar tafiya na biya Ƙarfi da motar ofis. Rabin gari ya fito rakiya, kowa da saƙo. Wata tsohuwa ta ba ni kuka da kuɓewa busasshiya in kai wa jikanta da ke karatu a Rasha, ta ce ai duk Turai ɗaya ce, in na tambaya za a nuna mini. Alhaji ya fito da akwatin ƙarfe, da buhu, da buta a hannu. Na ce kayan sun yi yawa. Ya ce shi da ya je Makka da ƙasa da haka sai da ya yi nadama. Muka bi ta Malumfashi muka nufi Kano, taya ta fashe mana wajen Gwarzo, direba ya ce safayar tana motar manaja. A bayan motar raguna muka ƙarasa filin jirgi, ni da sabuwar kwat ɗina.

Na jirgi ba zan ja shi ba. Mun sauya wani a Landan, kuma duk tsawon hanya Alhaji na faɗa da rana, don ta ƙi faɗuwa a lokacin da agogonsa ya ce ta faɗi. Ya ce in tambayi ma'aikaciyar jirgi ko azahar ta yi. Ta ce azahar ɗin wane gari? Ya ce, "Ka ji ko? Tun ba mu isa ba sun fara gardama a kan kalma."

Boston sunan birnin. A wurin kwastan aka sako mana wani ɗan kare mai kunnuwa har ƙasa, ya zagaya jama'a, ya zo ya zauna daram gaban buhun Alhaji. Alhaji ya tattare babbar rigarsa ya ja baya yana salati. Aka kwance buhu: kilishi, daddawa, yaji, garin kunu, goro a cikin ganye, da kukar tsohuwa. Jami'in ya ɗauki daddawa ya shinshina, idonsa ya kawo ruwa, ya tambaye ni wannan abin ya mutu ne ko dama haka yake. Kilishin suka ce nama ba ya shiga, ƙona shi za a yi.

"Ƙonawa?" in ji Alhaji. "Ka ce su ci mana, na yafe. Wane irin mutane ne za su ƙwace abinci su kuma ƙi ci?"

Sai jami'in ya tambaya ko kwanan nan mun taka gona. Alhaji ya ce a gona aka yanke masa cibiya. Nan take suka ce mu tuɓe takalma, wani ya tafi da su ya wanke da magani, don kada mu shigo musu da cutar shuka. Ban fassara wa Alhaji dalilin ba. Ya karɓi takalmansa suna ƙyalli, ransa ya yi fari, ya ce duk da haka mutanen nan sun san darajar baƙo.

Masaukinmu wani otal ne mai tsawon da in ka leƙa ƙasa motoci kamar ƙwari. Tagogin ba sa buɗuwa. Gabas kuwa sai da muka tambayi mutum uku, kowa ya nuna mana wani gefe, har Allah ya haɗa mu da wani mai shara ɗan Sudan ya daidaita mu. Washegari da hantsi Alhaji ya ciro ɗan risho daga akwatinsa zai dama kunu, ya kuma jefa turaren wuta don ɗakin na warin daɗewa a rufe. Wata ƙararrawa ta ɗauki ihu a saman kanmu. Kafin mu gane me ake ciki an kwashe mutanen bene kaf zuwa titi, wasu da tawul, ga 'yan kwana-kwana da gatura. Shugabansu ya fito riƙe da rishon kamar ya kama ɓarawo. Alhaji ya ce in tambaye shi ko ya sauke kunun kafin ya ɗauko.

Abinci ya ba mu wuya. Komai muka nuna sai mu ji tsoron alade, muka koma burodi da ƙwai da shayi. Ganye kuwa ɗanye suke ci, ba ƙuli ba mai, yadda ake zuba wa akuya. Lauya Dogo ya so ya karrama mu, ya kai mu wani gidan abinci a bakin teku, aka ajiye wa kowa wata jar halitta mai ƙahonni da hannuwa kamar almakashi, aka ɗaura mana ƙyalle a wuya irin na jarirai. Alhaji ya daɗe yana kallonta.

"Malam Habu, kunamar nan a ina ta yi wannan girman?"

Na ce ta ruwa ce, kuma abincin manya ce a nan. Ya ce to Allah ya bar shi cikin ƙanana.

Gaisuwarsu ma abin kallo ce. Mutum zai ce maka yaya kake, kafin ka buɗe baki ya kai ƙarshen baranda. Alhaji kuwa in aka tambaye shi sai ya tsaya ya fara da gajiya, da iyali, da labarin ruwa, ya ɗago ya ga ba kowa sai ni.

Kafin a shiga kotu Dogo ya zaunar da mu a ofishinsa don ya koya wa Alhaji kalmomin na'ura. A nan na san aikina ya fi ƙarfina. Ashe gurbin da ake rubuta abu ɗaya a cikin rumbun, kamar suna ko gari, da kalmar gona suke kiransa a Turance. Jerin gurabun kuma tebur, lambar da ake gane mutum da ita mabuɗi. Dogo ya ce in tambayi Alhaji ko ya san sunansa na cikin gona ta farko a teburin manoma, kuma yana da mabuɗi.

Na fassara yadda ya faɗa. Alhaji ya ajiye carbi.

"Wace gonar? Ta bakin rafi ce ta farko, kuma ba tebur a cikinta. Wa ya ce musu gona na da mabuɗi? Kai Habu, ko dai gonata ake shari'a a kai kuka ɓoye mini?"

Da ƙyar na kwantar da shi. Da za mu fita Dogo ya ja ni gefe, ya rage murya. Ya ce in Alhaji ya ce ya tambayi na'ura, in ce ya tambayi na'ura, kada in yi wani ƙarin bayani, tafinta ba malami ba ne. Na ce to. Amma na san abin da yake gudu, shi ma ya san na sani.

Kotun ba ta da hayaniya irin tamu, ba mai sayar da gyaɗa a ƙofa, ba dangin mai ƙara. Alƙalin tsoho ne mai farin gashi, tun farko ya faɗa da bakinsa cewa bai taɓa taɓa kwamfuta ba kuma ba ya da niyya. Lauyar ɗaya kamfanin mace ce, gajera, mai murmushin da ba ya kai wa ido. Alhaji ya sa mata suna Hajiya, wai mace mai irin wannan iko ba a kiranta gatsau.

Duk rigimar a kan jimla ɗaya ce a takardar mallakar, inda aka ce mai amfani da na'ura zai gabatar da tambaya kai tsaye. Kwanaki aka kwashe a kan kalmar tambaya kaɗai. Masanin da Dogo ya kawo ya ce tambaya ita ce abin da ke cikin kan mutum tun kafin ya furta. Masanin Hajiya ya ce sam, ba ta zama tambaya sai ta shiga na'ura cikin yaren da na'ura ke ji. Aka kawo ƙamus, ɗaya gefen suka kawo wani ƙamus da ya fi shi kauri. Kowane masani ya yi rantsuwa zai faɗi gaskiya, kuma cikin ikon Allah gaskiyar kowa ta dace da ta wanda ya kawo shi. Alhaji yakan farka ya ce, "Ina aka kai?" In ce har yanzu ana kan tambaya. Ya ce, "Wa ya yi ta?" In ce ba a yi ba tukuna, ma'anarta ake nema. Sai ya koma barcinsa.

Ɓangaren Hajiya sun kawo nasu mai jin Hausa don ya sa mini ido, wani farfesa Bature mai gemu. A baranda ya durƙusa wa Alhaji ya ce, "Gaisuwa gare ka, ya kai dattijo, da fatan ka sauka cikin aminci da wadata." Alhaji ya amsa, bayan ya wuce ya ce mini rabonsa da jin irin wannan Hausa tun rasuwar kakarsa.

Ranar shaidarmu aka fara rantsar da ni cewa ba zan ƙara ba, ba zan rage ba. Sannan aka rantsar da Alhaji. Dogo ya nuna masa hoto ya ce wane ne wannan. Ya ce shi ne, amma hular ba ta fito da kyau ba. Dogo ya ce ko yakan tambayi na'urar ofis? Ya ce, "Kullum. Ni na fi kowa tambayarta." Na fassara daidai. Dogo ya zauna yana murmushi.

Hajiya ta taso a hankali.

"Da hannunka kake tambayarta?"

"Ka ce wa Hajiya mu a garinmu da baki ake tambaya. Ko su nan da hannu suke yi?"

Kotu ta yi dariya, har alƙali. Ita ma ta yi, sannan ta ɗaga hannu aka turo wata na'ura irin tamu sak a kan keke. Ta ce tunda Alhaji gwani ne, ya taimaka ya nuna wa kotu yadda yake tambaya buhun taki nawa zai samu bana.

Alhaji ya gyara riga ya zauna gaban na'urar. Ya dubi gilashin, ya dubi maɓallan, ya waiga dama, ya waiga hagu. Sannan ya ce da muryar nan tasa, "To ina Bola?"

Dogo ya kafe ni da ido. Farfesa ya riga ya karkato kunne. Na tuna takin da ke sito, na tuna hannuna da na ɗaga ɗazu na yi rantsuwa. Na ce da Turanci, "Yana tambaya ina Bola."

"Wace ce Bola?" in ji Hajiya, kamar mai tambayar jariri.

Alhaji bai jira ni ba. Ya hango matar da ke buga maganganun kotu a ɗan injinta, ya nuna ta ya ce, "Ga wata ma. Ke yarinya, taso ki tambayi abin nan buhu nawa ne nawa, kuma ki gaya masa na bara bai isa ba."

Wannan ma na fassara. Dogo ya dafe kai.

Alƙali ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce shi ya ruɗe: mutum ya rantse shi ke tambaya, ga shi kuma yana neman mai tambaya. Ƙarya ya yi ne, ko fassarar ce ta karkace? Ya ce in gaya masa abin da kalmar ke nufi a harshenmu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, bai yi ƙarya ba. A wurinmu in babban mutum ya ce na noma gonata, ba wanda zai zaci shi ya riƙe fartanya. In ya ce na gina gida, ba shi ya kwaɓa ƙasa ba. Wanda ya sa aka yi, shi ya yi. Alhaji kan faɗa wa Bola ta taga, ita ta buga."

Alƙali ya tambayi farfesa ko haka ne. Farfesa ya miƙe cike da murna, ya ce ƙwarai, ya ma taɓa yin dogon rubutu a kan wannan, in kotu na so zai karanto. Kotu ba ta so ba.

Na zauna ina jin na kashe na'urar Funtuwa da bakina. Ina ta tunanin fuskar da zan kalli manaja da ita. Ashe ban san lauya ba. Bayan hutun rana Dogo ya dawo fes kamar an yi masa albishir. Ya ce ya gode wa tafinta, domin bayaninsa ya tabbatar da maganarsu. Alhaji shi ne mai amfani da na'ura, tunda tambayar tasa ce. Ita kuwa Bola hanya ce kawai da tambayar ke bi ta shiga, kamar maɓalli, kamar waya. Wato a idon takardar nan, Bola wani sashe ne na injin.

Hajiya ta yi tsalle ta ce Bola mutum ce, kuma ita ce mai amfani da na'urar, Alhaji ɗan kallo ne. Dogo ya ce a nuna masa inda takardar ta ce dole sassan inji su zama na ƙarfe. Aka dawo da masanan nan, aka sake buɗe ƙamus. Har yamma manyan mutane masu furfura suna gardama ko 'yar Funtuwa da ba su taɓa gani ba mutum ce ko maɓalli. Ba wanda ya ce a kira ta a ji ta bakinta.

Alhaji ya matsa mini in gaya masa me ake cewa. Da na gaya masa ya miƙe tsaye ba tare da izini ba.

"Ka gaya wa alƙali ni na san yarinyar nan, na ci tuwon sunanta. Ubanta kayan inji yake sayarwa, amma bai haifi kayan inji ba!"

Na fassara. Alƙali ya ce a rubuta, ya kuma ce shaida ya zauna.

Da alƙali ya zo ba da fassararsa ta jimlar nan, ya ce a fahimtar kotu kai tsaye ba ta hana tambaya bi ta wani matsakaici, na ƙarfe ne ko mai rai, kuma irin wannan matsakaicin ana lissafa shi cikin na'ura. Ke nan abin da ake yi a Funtuwa ya riga takardar masu ƙara. Kafin a kai ga sauran shari'ar kamfanonin biyu suka shiga ɗaki suka sasanta. Da muka fito na hango Dogo da Hajiya sun nufi gidan kunamar nan tare suna ta dariya. Alhaji ya ce dama ya faɗa a ransa waɗannan ba faɗan gaske suke ba.

Mun sauka Kano an yi ruwan shuka. A Ƙarfi da kalangu aka tarbi Alhaji, kafin magariba labari ya zama shi ya tsawata wa alƙalin Amurka har ya ba shi gaskiya. Ni kuwa abin da ke gabana shi ne yadda zan gaya wa Bola.

Na same ta a bakin tagarta, layin manoma har bakin titi, zufa na zuba mata, fankar ɗakin ta daɗe da mutuwa. Na ce an yi nasara, ba za a kashe na'ura ba. Ta ce alhamdu lillahi, don a bakin Hausawa ta tashi. Sannan na yi ta kewaye-kewaye har dai na faɗa mata hukuncin. Ta daina bugawa.

"Malam Habu, wato ni kayan inji ce?"

"A takarda dai, Bola. Can a wurinsu."

"Alƙali ne ya faɗa?"

Na ce alƙali ne. Na zaci kuka za ta yi. Sai ta miƙe, ta naɗe wayar allon maɓallanta, ta ɗauki kujerarta ta nufi ɗakin da uwar na'urar take. Ɗakin nan shi kaɗai ke da na'urar sanyaya iska a duk ofis, an shimfiɗa masa kafet, kuma an rubuta a ƙofa ba mai shiga sai injiniya, don zafi da ƙura na lalata inji. Ta ajiye kujera a tsakiya, ta ce masinja ya riƙa kawo mata tambayoyin manoma.

Manaja ya taho a fusace ya ce wa ya ba ta izini. Ta ce kotun Amurka. Ya ce ta fito ta haɗa wa baƙinsa shayi tukuna a yi maganar. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a ina ka taɓa ganin inji ya dafa shayi?"

Manaja ya juyo kaina. "Malam Habu, kai ka je. Haka hukuncin yake nufi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na ɗaga hannu gaban alƙali na rantse ba zan ƙara ba, ba zan rage ba. Haka yake nufi."

Manaja ya juya ya tafi ya haɗa shayin da kansa. Taki ya rabu lafiya a wannan shekara. Bola kuwa har yau tana ciki, har rigar sanyi ta saya.